Igiyar da Na Yanke Saboda Jirgin Baffa

Ranar Asabar ɗin da ta wuce na je ɗaurin aure a Nguru. Ana tsakiyar addu'a sai ga wani zuuu a saman kanmu, irin ƙaramin jirgin nan mai farfela huɗu da masu ɗaukar hoto suke yayi yanzu. Liman yana fatiha, rabin jama'a sun ɗaga kai suna kallon sama baki buɗe. Saurayin da ke tuƙa shi kuwa ya tsaya can gefe da baƙin tabarau yana taunar cingam, yana ji kamar shi ya ƙera abin. Ni da na san jirgin ne ke riƙe kansa da kansa a iska, ko akuya ka miƙa wa rimot ɗin za ta ɗauki hoton, sai na yi tsaki na sunkuyar da kai. Amma ƙarar ta riga ta shige ni. Duk inda na ji ta, gonar Kakana nake gani.

A wani ƙauye na tashi a bakin kogi, kusa da Gashua ƙwarai, don in iska ta juyo muna jin kiran sallar garin. Mahaifina ya rasu ina goye, mahaifiyata ta yi wani auren a Dapchi, sai na zauna a hannun Kaka, mahaifin babana, da matarsa da muke kira Iya. Kaka masunci ne da rani, manomin shinkafa da damina. Ba ya kirana da sunana, sai dai "abokina". Rabin abin tsokana ce irin ta kaka da jika, amma ni har cikin raina nake jin daɗinsa.

Babbar gonarsa irin zamani yake shuka mata kamar kowa. Amma akwai wata 'yar gona a gefen fadama da ba ya sa mata komai sai wata jar shinkafa da ya gada wajen mahaifinsa. Gajeriyar ƙwaya ce, ba ta cika buhu, ga saurin zubewa in ta bushe, shi ya sa maƙwabta suka watsar da ita ɗaya bayan ɗaya har ya zama shi kaɗai ya rage da irin. Sai dai in Iya ta tuƙa tuwonta ta zuba miyar busasshen kifi, ƙanshin yakan tsallake danga ya tsayar da mai wucewa. Duk shekara Kaka yakan zaɓi zangarniyoyi mafi kyau, ya murje su da hannunsa, ya zuba a wata tsohuwar gora, ya toshe bakinta da tsumma, ya rataye a ɗakinsa. A shekarar da nake ba ka labari, ambaliyar bara ta riga ta cinye mafi yawan amfanin, don haka ɗan abin da ya rage a gorar duka ya juye a ƙasa. Gorar tana rataye wayam. Duk abin da ya saura na wannan irin yana tsaye a 'yar gonar nan, kuma ni ne mai tsaronta, ina ɗan shekara goma sha biyu.

In kai ɗan birni ne, bari in gaya maka abin da ake tsaro. Jan baki ɗan tsuntsu ne da bai cika tafin hannun yaro ba, amma ba ya zuwa shi kaɗai. A cikin kacalla suke kwana, wannan doguwar ciyawar da ta toshe mana rabin kogi, su fito da hantsi, su sake fitowa bayan la'asar. Lokacin da suka fi so shi ne ƙarshen damina, sa'ad da ƙwayar take da taushi, in ka matsa ta wani farin ruwa ya fito kamar nono. Su tsotse ruwan su bar maka ɓawon a tsaye. Daga nesa sai ka ga gona lafiya lau.

Maganinsu igiya ce. Tun rani Kaka yake zama a gindin tsamiyar ƙofar gida yana tufka ta da kaba a kan cinyarsa. In shinkafa ta fara fitar da kai, sai mu kafa turaku, mu ja igiyoyi su ratsa gonar ta ko'ina, mu ɗaura musu gwangwanaye da tsakuwa a ciki da yagaggun ledoji. Duka igiyoyin a wuri ɗaya suke haɗuwa, a wata rumfa mai dogayen ƙafafu inda mai tsaro yake zama. Ka fizga sau ɗaya, gona gaba ɗaya ta ɗauki kwaram-kwaram. Wannan shekarar kwana huɗu muka yi ni da Kaka a cikin ruwa har cinya, matsattsaku suna shan jininmu, kafin muka gama ɗaurawa.

Ana haka sai ga Baffa, ƙanin mahaifina. A wani kamfani yake aiki a Legas, sai ya shekara biyu bai leƙo ba, in ya zo kuma sai ya zo da wani abin da zai nuna mana cewa mu ba mu waye ba. Zuwansa na baya ya kawo wa Iya injin niƙa tattasai mai aiki da lantarki, a ƙauyen da ko turken waya babu. A cikinsa Iya take ajiye allura da zare. Mutum ne da yake shiga fadama da farin takalmi, ya fito yana zagin laka. Ban taɓa jin ya ce bai san wani abu ba.

Wannan karon dogon kwali ya sauke daga mota. A ciki akwai jirgin sama na farin soso, irin soson da ake naɗe sabon rediyo da shi, mai jan hanci da farfela a gaba, da siraran fukafukai da suka kwanta baya. Ga rimot mai doguwar eriya da 'yan sanduna biyu da ake turawa da manyan yatsu. Baffa ya ce jirgin ya fi motar haya gudu a kan titin Nguru. Ya ce in ya keta gona sau ɗaya, jan baki za su zaci shaho ne, sai su yi mako ba su dawo ba, mu huta da wannan kaɗe-kaɗen gwangwani na mutanen da. Ba zan ɓoye maka ba, ban taɓa ganin abin da ya tafi da hankalina kamar jirgin nan ba.

A gindin tsamiya aka shimfiɗa masa tabarma ya zauna haɗawa, rabin ƙauye a kansa. Akwai wani ɗan littafi a kwalin, ya ɗaga shi ya jefar gefe, ya ce na masu koyo ne. Batirin da ya zo da jirgin kuma ya raina shi, ya fito da wani babba da ya saya daban, wai don ya daɗe a sama. Babban ya ƙi shiga mazauninsa a hanci. Maimakon ya tsaya ya yi tunani, sai ya tura shi can baya wajen wutsiya inda ya sami fili, ya naɗe da salatif, ya karkaɗe hannu yana duban jama'a.

Kaka yana gefe yana gyaran komar kamun kifi. Ya ajiye, ya miƙa hannu aka ba shi jirgin. Ya juya shi, ya shinshina, sannan ya sa yatsa ɗaya a ƙarƙashin kowane fiffike ya ɗaga. Wutsiyar ta faɗi ƙasa, hancin ya kalli sama.

"Gindinsa ya fi kansa nauyi," in ji Kaka. "Ko kwalekwale ka loda haka, hancinsa tashi zai yi ruwa ya juya ka."

Baffa ya yi dariya har da buga cinya. "Haba Baba, wannan ba kwalekwale ba ne, teknoloji ne. Ku dai ku sa ido. Igiyoyin nan kawai za a sauke, kada su harɗe mini shi in zai yi ƙasa-ƙasa."

Kaka ya miƙa masa jirginsa, ya ɗauki komarsa. "Ka je filin makaranta ka yi wasanka. Igiyata kada a taɓa."

Da a nan maganar ta tsaya. Washegari da sassafe sai ga saƙon rasuwar wani tsohon aminin Kaka a Nguru, dole ya je ya kwana biyu. Ya sa babbar rigarsa, ya tsaya a ƙofar gida ya dafa kaina, ya ce, "Abokina, gona tana hannunka." Ya tafi.

Bayan azahar ina kan rumfa sai na hango Baffa da farin takalminsa, jirgi a hammata, jama'a a bayansa kamar an tashi daga kasuwa. Ya tsaya a gindin rumfar ya ɗago kai. Ya ce shi zai riƙe rimot, amma dole a sami wanda zai jefa jirgin daga sama, kuma duk ƙauyen bai ga yaron da ya kai ni kai ba. Ya ce in jirgin ya daidaita a sama zai ba ni rimot ɗin in riƙe. Ya ce Baba tsoho ne, in ya dawo ya tarar babu tsuntsu ko ɗaya shi da kansa zai sa mana albarka. Ina so ka fahimce ni da kyau: bai dake ni ba, bai ko ɗaga murya ba. Ni na sauko da ƙafafuna.

Na fara kwancewa, amma ƙullin Kaka ne, ga ruwa ya kumbura kabar. Na yi ta fama da farce da haƙori, Baffa yana duba agogo yana tsaki.

"Kai ɗana, ba ka da lauje ne?"

Ina da lauje, a soke a jikin rumfa. Na bi igiyoyin nan ina yankewa turke bayan turke, gwangwanaye suna faɗawa ruwa bul, bul, suna nitsewa a laka. Aikin rani guda da kwana huɗu, ban cika awa ɗaya ba na gama da shi.

Iska tana busowa daga wajen gari zuwa kogi. Kowane yaro a fadama ya san zalɓe da balbela iska suke fuskanta in za su tashi, ni ma na sani. Amma jama'a a bakin kogi suka taru, Baffa kuma yana so jirgin ya nufe su su gani da kyau, don haka da na koma kan rumfa da jirgin, ya sa na juya iska tana dukan ƙeyata. Bai gwada ko 'yan marafan bayan fukafukan, masu juya jirgin a sama, suna motsi daidai ba. Ya tura wuta har ƙarshe, farfela ta ɗauki kuka, ya ce in jefa. Na jefa da dukan ƙarfina.

Jirgin ya yi ƙasa kamar zai shafi kan shinkafa, sai kuma hancin ya zabura sama tsaye, daidai yadda ya yi a kan yatsun Kaka. Ya tsaya cak a iska, ya kife ta hagu. Baffa ya shiga juya sandunan nan kamar mai tuƙa tuwo. Sai abin ya fizge ya miƙe, kuma gaskiya ɗaya da Baffa ya faɗa ke nan, yana da gudu. Ya wuce ta saman jama'a, mata suka watse da salati, wani dattijo ya faɗo daga kan jakinsa. Kafin ka ƙirga goma ya tsallake ruwa ya soke kansa a tsakiyar kacalla. Sai kacallar ta tashi gaba ɗaya, jan baki suka rufe rana, tun kafin lokacin fitowarsu ya yi.

"Iskar garin nan ce ba ta da kyau," in ji Baffa. Ya juyo gare ni. "Me kake tsaye? Shiga ka nemo mini shi."

Na shiga. Wannan ne ya fi yankan igiyar ci mini rai in na tuna, domin a lokacin na riga na ga tsuntsayen da idona. Na kutsa cikin kacalla ruwa har ƙirji, ganyen yana tsaga mini hannu, ina laluben abin wasan babban mutum. Sai da rana ta yi sanyi na same shi, hanci a murƙushe, fiffike ɗaya babu. A nan na tsaya na kasa kunne. Ta gabas gwangwanayen maƙwabta suna kwaram-kwaram, ta yamma ma haka, yara suna ihu. Wuri ɗaya ne kawai shiru a duk fadamar, kuma na san ko ina ne. Jan baki ma sun sani.

Da na iso, ba a ganin shinkafar, sai wani abu ruwan ƙasa yana motsi a kanta. Na yar da jirgin na faɗa ciki ina ihu ina jifa da laka. Su tashi a nan su sauka a can, in ruga can su dawo nan. Haka muka yi har magariba. Da gari ya waye na dawo da majajjawa, Iya ta biyo ni da faranti da ludayi tana bugawa, tsohuwa a cikin ruwa har gwiwa. Na yi ƙoƙarin ƙulla igiyoyin, amma na yanka su guntu-guntu, gwangwanayen kuma laka ta haɗiye. Muryata ta dushe kafin azahar. Baffa kuwa tun da safe ya shiga motarsa, wai an kira shi daga ofis, a garin da sai ka hau tudu kafin waya ta kama.

Kaka bai biya gida ba da ya dawo, daga bakin hanya gona ya nufo. Ina kan rumfa na hango shi. Ya tsaya a gefe yana kallo, shinkafa tana tsaye kore shar kamar ba abin da ya same ta. Ya naɗe babbar rigarsa a kafaɗa ya shiga. Ya kama zangarniya ɗaya ya matsa, ya saki. Ya kama wata. Haka ya bi gonar daga wannan baki zuwa wancan, bai yi sauri ba. Sannan ya sunkuya ya ɗauko guntun igiya, ya daɗe yana duban bakinta inda lauje ya wuce sumul.

"Wa ya yanka?"

"Baffa ne ya ce…"

"Ban tambaye ka wanda ya ce ba."

Na ce ni ne. Ya gyaɗa kai, ya naɗe guntun igiyar a hannunsa, ya kira ni da sunana na gaskiya ya ce in sauko mu tafi gida. Na so ya dake ni, wallahi na so. Bai taɓa ni ba, bai sake tayar da maganar ba, ci da sha da sutura ba abin da ya rage mini. Amma daga ranar har ya koma ga Allah, bai ƙara ce mini abokina ba.

Abin da muka tsinta mai ƙwaya a ciki bai cika moɗa ba. Kaka ya shuka shi da damina ta zagayo, 'yan tsirarun da suka fito ruwa ya shanye su. Ya bi ƙauyukan bakin kogi har Nguru yana cigiya, ya leƙa kasuwar Karasuwa, ya samo jajayen shinkafa kala-kala, ya shinshina ya mayar. Baffa kuma ya aiko da buhun 'yar waje, da saƙon a ce wa Baba ga shinkafa nan ta fi tasa fari. Kaka ya sa Iya ta raba wa maƙwabta, ko ƙwaya ba a dafa a gidanmu ba.

Bayan shekara huɗu, a ciwonsa na ƙarshe, hankalinsa ya fara tafiya yana dawowa. Wata rana da hantsi ya ce wa Iya tuwon jar shinkafa yake marmari. Ta tuƙa masa ta kasuwa, ta yi miyar kifi yadda yake so, ni na kai masa kwanon. Ya buɗe, ya shinshina, ya kai loma ɗaya. Ya ce, "Ba ita ba ce." Ya mayar da murfin ya juya wajen bango.

Yanzu ina da shagon gyaran waya da talabijin a Gashua. Mushen jirgin nan na koma na ɗauko shi, na warware shi gunduwa-gunduwa, a kansa na fara sanin waya da batir. Yau da hannuna nake yanka soso in ƙera nawa, kuma sun fi na Baffa gudu nesa ba kusa ba. Da rani nake tashinsu, a wani fako da babu gonar kowa kusa. Kafin in jefa sai na gwada kowane marfi na ga ya bi yatsana, sai na yi nisa da rimot na tabbatar yana ji, sai na watsa ƙasa sama na ga inda iska ta nufa. 'Ya'yan masu hali suna kawo mini nasu a buhu, a ragargaje, kowa da bakinsa iska ce ba ta da kyau. Ɗan littafin da Baffa ya jefar a gindin tsamiya ma yana wajena, na tsince shi tun ranar. Sai da na yi shekaru kafin na iya karanta shi, amma zanen da ke shafi na uku ba ya bukatar karatu: hannun mutum ne, yatsa ɗaya a ƙarƙashin kowane fiffike.

A wajen ɗaurin auren nan Baffa yana nan, don a Nguru ya zauna bayan ya bar aiki. Ya tsufa, gemu fari fat, amma bakin yana nan yadda yake. Da aka shafa fatiha sai na ji muryarsa, ya tara samari yana nuna jirgin mai hoto da sandarsa.

"Ni na fara kawo irin wannan abu ƙasar nan, tun ba a haife ku ba. Ga ɗana nan ku tambaye shi, shi ya jefa mini da hannunsa."

Duk suka juyo suna kallona. Kusan shekara ashirin ina tara maganar da zan faɗa wa mutumin nan, ga ta cike da bakina. Amma da na buɗe baki, abin da ya fito daban.

"Haka ne, Baffa, ni na jefa. Ni kuma na yanke igiyar."

Ya karkata kai, ya kalle ni da idon da babu ko ɗigon ƙarya a ciki.

"Wace igiya?"

Aka fara rabon abinci, wani ya ajiye mini farar shinkafa a 'yar roba a gabana. Na tura wa na kusa da ni, na nemi takalmana na kama hanyar tasha.